Hakkin Matar Da Aka Zalunta: Tsakanin Dokar Ƙasa Da Hukuncin Shari'a

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma sanya shi abin haramtawa a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda, inda ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Shinkafi ɗaya ta nufi Zurmi, ya san irin halin da mutanen wannan yanki suka shiga cikin shekarun nan saboda 'yan fashin daji. An kashe magidanta, an kore dabbobi, an hana noma, ƙauyuka da yawa sun watse. Wannan duka ana faɗinsa a rediyo da jaridu. Amma akwai wata musiba wadda ba a cika ɗaga murya a kanta ba, watau abin da ake yi wa mata da 'yan mata a hanyar gona, da wurin ɗibar ruwa ko itace, da cikin daji bayan an sace su. Kusa da ita kuma akwai wata tsohuwar cuta wadda ta riga fashin daji zuwa, watau duka da wulakanci da korar mace daga ɗakinta ba ci ba sha.

Gwamnatoci sun yi dokoki a kan waɗannan al'amura, kuma wajibi ne Musulmi ya san su, ya auna su da ma'aunin Shari'a, don ya gane inda suka dace da inda suka gaza, ya kuma gane rabonsa na laifi idan ba su yi amfani ba.

Dokokin Da Aka Kafa

Ta farko ita ce dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Jihar Arewa a shekarar 1960. Sashe na 282 ya bayyana abin da ake nufi da fyaɗe, sashe na 283 kuma ya tanadi ɗauri da tara ga wanda ya aikata shi. Sai dai a cikin wannan doka akwai sashe na 55, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa, muddin al'adarsu ta yarda da haka kuma horon bai kai ga mummunan rauni ba. Mummunan rauni kuwa a wurin wannan doka shi ne irin su tsiyayar ido, ko kurumta kunne, ko karaya. Ke nan tsakanin mari da karaya an bar fili mai faɗi wanda azzalumi zai yi ta sukuwa a ciki.

Ta biyu ita ce dokar hukunta laifuffuka bisa Shari'ar Musulunci, wadda Jihar Zamfara ta riga kowace jiha fara aiki da ita a watan Janairu na 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Ta tanadi bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya ga mai fyaɗen da bai taɓa aure ba, da jifa ga wanda ya taɓa aure, sa'an nan ta wajabta masa biyan sadakin da ake biya wa irin wannan mace.

Ta uku ita ce dokar Gwamnatin Tarayya ta hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 25 ga Mayu 2015. Ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, kuma ko alƙali zai sassauta ba zai yi ƙasa da shekara 12 ba, ba kuwa zaɓin tara. Idan taron dangi aka yi wa mace, kowannensu ba zai sami ƙasa da shekara 20 ba. Ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga mai dukan abokin aurensa, haka kuma ga wanda ya watsar da iyalinsa ba abinci, da ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga wanda ya fitar da abokin aurensa daga gida da ƙarfi. Ta ba kotu ikon sa a biya diyya, da ikon ba da umarnin kariya wanda zai hana azzalumi kusantar wanda yake zalunta. Amma da aka kafa ta, a Abuja kaɗai take da ƙarfi, sai jihar da Majalisar Dokokinta ta karɓe ta. A shekarar 2019 aka buɗe kundin sunayen masu fyaɗe na ƙasa a hannun hukumar NAPTIP. A watan Yuni na 2020 gwamnonin jihohi suka yi shelar dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, daga nan ne mafi yawan jihohi suka karɓi dokar, har Jihar Kaduna ta ƙara da hukuncin dandaƙa a watan Satumba na wannan shekara.

Mai karatu zai ga cewa ba a rasa dokoki ba. Abin tambaya shi ne, mene ne matsayinsu a idon Shari'a, kuma me suka tsinana wa matar da ke wani ƙauye a bayan Dauran ko Badarawa?

Ma'aunin Shari'a

Akwai masu zaton cewa duk maganar kare mata daga cin zarafi baƙuwa ce da Turawa suka kawo. Wannan zato yana fitowa ne daga ƙarancin karatu. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 19, Allah ya hana a gaji mata a kan tilas, ya hana a ƙuntata musu don a ƙwace abin da aka ba su, ya yi umarni da a zauna da su da alheri. Suratul Mujadala kuwa ta sauka ne a kan ƙarar da Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kawo game da mijinta, Allah ya ji kukanta, ya saukar da hukunci. Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da shaida cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa mata da yawa sun taɓa zuwa gidan Annabi suna ƙarar mazansu a kan duka, sai ya bayyana wa jama'a cewa masu yin haka ba su ne zaɓaɓɓun al'umma ba.

Masu fakewa da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i su sani malamai sun kewaye ta da sharuɗɗa masu tsanani. Malaman Malikiyya sun ce sai bayan wa'azi da ƙauracewar shimfiɗa sun gaza, kuma da abin da ba ya rauni ba ya barin tabo, kuma sai idan ana zaton zai kawo gyara. Wanda ya ƙetare wannan iyaka ya zama mai cutarwa. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil an tabbatar wa mace hakkin a raba aurenta saboda cutarwa, ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. Ibnu Asim a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya nuna cewa cutarwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya bazu a bakin maƙwabta. Aya ta 35 ta wannan sura ta yi umarni da a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kuma a mazhabar Malik suna da ikon raba auren idan sun ga zaman ba zai gyaru ba. Saboda haka sashe na 55 na Final Kod ya ba miji filin da fiƙihun Malikiyya bai ba shi ba, kuma dokar 2015 da ta hukunta mai duka da mai barin iyali da yunwa ta fi kusa da manufar Shari'a a wannan wuri. Alƙali a Musulunci yana da ikon ladabtar da irin wannan miji ta hanyar ta'aziri tun kafin a san wani abu wai shi Majalisar Dokoki.

Game da fyaɗe kuwa, Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa haddi yana kan wanda ya tilasta, kuma zai biya sadakin irinta, ita kuwa babu wani hukunci a kanta. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito labarin wata mata da wani mutum ya afka wa a hanyarta ta zuwa salla, ta yi kururuwa, jama'a suka kawo ɗauki, Annabi ya sallame ta ba tare da wani zargi ba.

Sa'an nan akwai maganar da ta fi kowace dacewa da halin da ake ciki a Zurmi da Shinkafi. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya ba da labari a cikin Ahkamul Ƙur'an, wurin bayanin aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, cewa lokacin da yake alƙalanci an kawo masa wasu 'yan fashi da suka tare ayari suka ɗauke wata mata da ƙarfi. Wasu masu fatawa suka ce wannan ba fashi ba ne, tun da fashi a kan dukiya yake. Sai ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna musu cewa fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni, domin mutum ya gwammace a kwashe duk abin da ya mallaka da a taɓa matarsa ko 'yarsa. A bisa wannan fahimta, wanda ya ɗauki makami ya keta mutuncin mace hukuncin ɗan fashi ne a kansa. Ya kamata alƙalai da masu tsara dokoki su riƙe wannan magana da kyau.

Inda Gizo Ke Saƙa

Doka komai kyaunta ba ta aiki sai an kai mata ƙara, kuma ƙara ba ta tsayawa sai da hujja. A nan ne al'amarin yake lalacewa, kuma yawancin lalacewar daga cikin gida take farawa. Yarinya za ta dawo tana kuka, tufafinta a yage, sai uwa ta ja ta ɗaka ta yi mata wanka, uba ya ce kada wanda ya ji, wai ana rufin asiri don kada ta rasa mijin aure. Da wannan shiru an yi mata asara uku a lokaci guda.

Asara ta farko ta lafiya ce. Likitoci sun tabbatar cewa maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki yana aiki ne idan an fara shansa cikin awa 72, watau kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta yi shekaru tana aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, kuma kula da matan da aka ci zarafinsu yana cikin ayyukan da aka san ta da su. Neman magani umarnin Annabi ne, hana wanda ke ƙarƙashin mutum magani kuwa cin amana ne.

Asara ta biyu ta hujjar kotu ce. Takardar likita da tufafin da abin ya faru a cikinsu su ne abin da ɗan sanda da alƙali za su riƙa, kuma duka biyu suna ɓacewa da wanka da wanki da jinkiri.

Asara ta uku ita ce wadda mutane da yawa ba su sani ba, kuma ita ce ta fi haɗari. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi na ƙasar Hausa, an nuna cewa matar da ba ta da miji idan ciki ya bayyana gare ta, ta ce tilasta mata aka yi, ba a karɓar maganarta sai da alama, kamar a sami shaidar cewa an ɗauke ta da ƙarfi, ko ta zo tana neman agaji a lokacin da abin ya faru, ko ta zo jini yana zuba. Ashe ke nan kururuwarta da hawayenta na ranar farko su ne garkuwarta a gaban Shari'a. Uban da ya toshe bakinta a wannan rana, da hannunsa ya mai da wadda aka zalunta ta koma wadda ake tuhuma. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jihar Zamfara ta taɓa ganin misalin wannan. A shekarar 2000 wata kotun Shari'a a Tsafe ta yanke wa wata yarinya da aka samu da ciki ba aure bulala 180, ɗari na zina, tamanin na ƙazafi. Ta ce maza uku ne suka tilasta mata, suka musanta, aka sallame su. Daga baya aka janye tamanin ɗin, aka yi mata ɗari a watan Janairu na 2001. Darasin da ke ciki shi ne, maganar ta isa kotu ne bayan ciki ya fito, lokacin da alamun ranar farko sun riga sun shuɗe. Ya kamata kuma alƙalai su tuna cewa Abu Hanifa da Shafi'i ba su ɗauki ciki kaɗai a matsayin hujjar zina ba, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha. Amma matar da 'yan bindiga suka ɗauka a gaban jama'a, ƙauyen gaba ɗaya shaidarta ne, babu mai ikon tuhumarta ko a kan mafi tsananin maganganun mazhaba.

Bayan shiru sai sulhun ɓoye. Idan mai laifin ɗan gari ne, musamman ɗan masu hali, sai dattawa su taru a zaure, a ba uban yarinya 'yan kuɗi, a ce a yi haƙuri a bar wa Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum da ɗansa ya yi lalata da matar ubangidansa, ya ba da tumaki 100 da kuyanga don a kashe maganar. Da aka zo gaban Annabi sai ya ce a mai da masa dabbobinsa da kuyangarsa, aka zartar da hukunci. Wanda aka rufa wa asiri yau da kuɗi, gobe 'yar wani zai tara.

Ita ma hukuma tana da nata rabo, kuma babba ne. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandare ta Jangebe, aka sako 279 bayan kwana huɗu. Wannan ya shiga labaran duniya saboda yawansu, amma matan ƙauye da ake ɗauka bibbiyu da uku-uku zuwa dajin Sububu ko Dumburum babu mai rubuta sunayensu. A watan Janairu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ayyana 'yan fashin daji a matsayin 'yan ta'adda, a Janairu na 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Duk da haka, ɗaurin shekara 20 da ke rubuce a takarda ba ya tsorata wanda ba a kama ba. Umarnin kariya ba ya amfanar matar da ba ta da kuɗin mota zuwa kotu, ko wadda hanyar garinsu ba ta biyuwa sai da rakiyar soja. Dokokin nan an rubuta su da Turanci, mafi yawan waɗanda aka yi su dominsu ba su taɓa jin an karanta musu su da Hausa ba. Diyyar da doka ta ambata kuwa daga aljihun mai laifi take fitowa, to idan mai laifin yana cikin daji, wa zai biya? Allah ya zargi waɗanda suka zauna ba su tashi don ceton raunana daga maza da mata da yara ba, a aya ta 75 ta Suratun Nisa'i, kuma wannan zargi ya fi hawa kan wanda aka danƙa wa mulki.

Abin Da Ya Wajaba

Wajibi ne ga iyaye su kai yarinya asibiti kafin kwana uku su cika, su adana tufafinta, su sanar da mai unguwa ko liman ko wata dattijuwa amintacciya a ranar, don a sami shaida. Wajibi ne ga mijin da aka sako matarsa daga daji ya san cewa aurensu yana nan daram, babu abin da ke kansa sai jiran istibra'i, kuma sakinta saboda abin da ba ta da iko a kansa ƙarin zalunci ne a kan zalunci. Yaron da aka haifa ta wannan hanya ba shi da laifi, domin Alƙur'ani ya tabbatar cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin zunubin wani. Masu yi wa irin waɗannan mata habaici a gidan biki ko bakin rijiya, suna cewa idan ɓera da sata daddawa ma da wari, su tuna cewa Suratun Nur ta tanadi bulala 80 ga mai jifan kamammiyar mace da alfasha ba shaidu.

Wajibi ne ga limamai su faɗi wannan hukunci a huɗubar Juma'a da harshen da kowa zai gane. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, mata suna halartar majalisinsa duk da sukan da aka yi masa, kuma a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke kai ilimi har cikin ƙauyuka. Malaman Islamiyya mata na yau su ne magadan wannan aiki, kuma mace ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar'uwarta abin da ya same ta.

Ga hukuma kuma, ana bukatar a fassara dokokin nan da Hausa a riƙa karanta su a rediyo, a sa ma'aikata mata a ofisoshin 'yan sanda da na Hisba a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a ɗauke wa wadda aka yi wa fyaɗe kuɗin takardar likita da na shigar da ƙara, a riƙa sauraren irin wannan shari'a a keɓe, kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta ware wani kaso don jinya da sana'ar matan da suka dawo daga daji. Ya dace kuma malamai da masana doka su zauna su duba sashe na 55, su daidaita shi da abin da ke cikin Mukhtasar da Tuhfa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wasiyya da mata a huɗubarsa ta ban kwana a Arfa, ya tunatar da maza cewa amanar Allah ce a hannunsu. Kowane uba da miji da alƙali da mai mulki za a tambaye shi wannan amana.

Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina a ƙasar Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, ya warkar da waɗanda aka cuta, ya ba shugabanni ikon tsai da adalci. Amin.